Abin da Na Tsinta a Aljihun Baba Mai Gida

Mata biyu nake nema su raka ni kotu ranar Talata. Ɗaya ta riƙe min yaron nan da ke bayana, ɗaya ta zauna inda idona zai riƙa ganin ta. Abin da ya tashe ni tsaye ke nan, kuma na faɗe shi tun da wuri ne don kada tsoro ya ƙwace min shi a baki.

Af, ku gafarce ni, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Shugaban taro, Baba Tela, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. Anti Lauya, wadda take ta wahala da mu ba mu ba ta ko kuɗin mota ba, sannu da ƙoƙari. Shugaban makarantar nan, da ka buɗe mana azuzuwa muka shimfiɗa tabarmi, Allah ya buɗe maka ƙofofin alheri. Inna ta ɗaki na bakwai, na gan ki, daina harara ta, zan ɗaga murya. Iyayena maza, iyayena mata, yayyena da ƙannena, maƙwabtana na sama da na ƙasa, da ku 'yan haya na wasu gidajen da kuka zo taya mu, har da ku na bakin taga da ba ku sami kujera ba, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, babba da yaro.

Wanda bai san ni ba, ni ce mai wanki da guga ta ɗaki na goma sha ɗaya, wadda kuke kira Maman Rediyo. Rediyon 'yata ce, ga ta can a cinyar Inna, shekararta huɗu, yau ne kawai Allah ya sa ta yi shiru. Babanta direban babbar mota ne, yana kan hanya yanzu haka. Ban yi makaranta ba, ko ta kwana ɗaya. Wannan ajin da muke kwana a ciki shi ne aji na farko da na taɓa shiga a rayuwata, shi ma da tabarma da tukunya na shigo. Ban taɓa riƙe abin maganar nan ba sai yau.

Kafin komai ina godiya. Na gode wa wadda ta ba ni ƙusa da igiya na yi wurin shanya a bayan aji. Na gode wa Mai Gyaran Waya da yake sa min caji kyauta, yana cewa sai Rediyo ta girma ta biya. Na gode wa duk wanda kukan yaron nan ya hana shi hutawa ya kuma yi kamar bai ji ba. Shekara biyar muna gida ɗaya, muna faɗa a kan famfo, muna faɗa a kan wanda ya bar shara a matakala, ban san ina son ku haka ba sai da aka watso mu waje.

Anti Lauya ta ce in jera maganata a yatsu, ɗaya, biyu, uku, don kada in ɓace. To bari in gwada.

Na ɗaya, abin da ya same mu, don baƙin da ba su sani ba. Ɗaki ashirin da biyu ne a gidanmu. Kuɗin haya na shekara ake biya gaba ɗaya, tun a farko. Bana muka biya, kowa ya san yadda ya haɗa nasa, wani ya sayar da keke, wata ta sayar da 'yan kunne. Wata biyu da biyan, bango ya tsage tun daga matakala har sama. A ɗakina ina sa hannu a tsagar har wuyan hannu. Masu duba gine-gine suka zo, suka shafa jan fenti a ƙofa, suka ce kwana bakwai kowa ya fita. Ban ga laifinsu ba, gara tabarma a aji da a tono mu a ƙarƙashin siminti. Amma kuɗinmu na wata goma yana ina? Muka je ofishin kamfanin da sunansa yake kan rasit ɗinmu, muka tarar da kwaɗo a ƙofa, har allon sunan an cire. Muka je wurin Baba Mai Gida, ya fito ya tsaya a bakin ƙofarsa ya ce: “'Ya'yana, wallahi abin ya dame ni, amma gidan ba nawa ba ne, na kamfani ne, kamfani kuma ya durƙushe.” Anti Lauya ta kai ƙara, alƙali ya ce gaskiya tana gare mu, kamfani ya biya. Aka je ɗaukar kayan kamfani, aka sami kujera biyu da fanka ɗaya. Fankar ma ba ta juyawa.

Na biyu, abin da Anti Lauya ta fahimtar da ni, don ni da farko ban gane ba. Na ce mata: “Anti, wane ne kamfani? Ni ban taɓa ganin sa ba. Ban taɓa wanke masa riga ba. Baba Mai Gida na sani, shi yake zuwa, shi yake karɓa, shi yake cewa a gyara famfo ko a bar shi.” Ta yi dariya ta zaunar da ni. Ta ce a wurin shari'a kamfani kamar mutum ne mai zaman kansa, yana da aljihunsa, mai shi kuma yana da nasa aljihun daban. In kamfani ya ci bashi, aljihun kamfani ake lalubawa. In babu komai a ciki, sai haƙuri, ba a taɓa na mai shi. Na ce to ai mun mutu. Ta ce tsaya, da sauran magana. In har aka nuna wa alƙali cewa mai kamfanin da kansa ya mayar da aljihun biyu ɗaya, yana ɗiba a nan yana kashewa a can yadda ya ga dama, to alƙali yana iya cewa tunda kai ba ka raba ba, mu ma ba za mu raba maka ba, ka biya mutane da naka. Ta ce tana iya yiwuwa, ba ta ce dole ba, kada wani ya fita ya ce na ce an gama. Zaman ranar Talata ke nan. Abin da ta rasa shi ne wanda ya gani da idonsa.

Kuna tune, mako biyu da suka wuce, a nan ɗakin, ta tsaya inda nake tsaye ta ce: “Akwai wanda ya taɓa ganin inda kuɗin hayarku yake tafiya bayan kun bayar?” Kowa ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, na sunkuya ina gyara goyon da bai kwance ba. Ku shirunku na rashin sani ne. Nawa ba shi ba ne. Ku yafe min wannan.

Na uku... a'a, ku bari in ajiye yatsun nan, ba za su kai ni ba. Bari in faɗa yadda yake.

Ni nake yi wa gidan Baba Mai Gida wanki da guga, shekara huɗu ke nan. Nasa, na Mama matarsa, na 'ya'yansu, har labule da zannuwan gado. Wadda ta koya min sana'ar nan, yayar babata, abu ɗaya ta fara koya min kafin sabulu, kafin sitati. Ta ce: “Kafin riga ta taɓa ruwa, sa hannu a kowane aljihu. Abin da kika samu, ko allura ce, ba naki ba ne. In kin gama guga kin ninke, ki ɗora shi a saman kayan, inda mai shi zai fara gani. Kada ki mayar cikin aljihu, sai a ce ba ki gani ba. Kada ki miƙa a hannu, sai a ce tukuici kike nema.” Haka nake yi har yau. Ku da nake wa wanki kun sani. Mai Gyaran Waya, sau nawa na ɗora maka ƙananan sukurori a kan wando? Baba Tela, kai kuma alli da tsinken sakace, ban taɓa fasawa ba.

To a aljihun Baba Mai Gida ambulan nake samu. Kun san yadda yake yi, in lokacin biya ya zo da kansa yake zagayawa ɗaki ɗaki, ya ce: “Ku kawo, kada ku wahala zuwa ofis, ni zan kai.” Bayan kwana biyu akawu ya kawo rasit mai hatimin kamfani. Mu duk muna cewa kai, wannan bawan Allah da sauƙin kai yake. Ashe ambulan ɗin a babbar riga suke kwana. Yakan manta, ko kuma bai damu ba, rigar ta zo hannuna da su a ciki. Ban iya karatu ba, amma lambar ƙofa na san ta, don ni nake kai wa kowa kayansa. Na san uku, na san tara, na san goma sha ɗaya tawa, sanda biyu a tsaye. Na san bakwai, mai kama da lauje. Kowace ambulan da lambar ɗakinta a baya. Sai in ɗora masa a saman kaya, ya ɗauka ya ce: “Allah ya yi miki albarka, 'yata, da irinki goma ne a duniya da an huta.”

Bana, kwana uku bayan an biya, na kai kaya da safe. Ambulan biyu ne a sama, ta tara da ta bakwai. Yana zaune a tsakar gida yana shan shayi. Ya ɗauki ta tara ya sa a aljihu, ya miƙo min ta bakwai ya ce: “Shiga ki kai wa Mamanku, tun jiya take damuna.” Na shiga na kai. A gabana Mama ta buɗe. Inna, kuɗinki ne. Ko babu lamba zan gane su, don ke kaɗai ce kike ɗaure kuɗi da baƙin zare, kuma duk abin da ya fito ɗakinki sai ya yi warin man zafi. Kar ki ɓata rai, gaskiya ce, ga mutane suna dariya don sun sani. Mama ta tsinke zaren da haƙori, ta ƙirga ta ba mai kawo gas, ta ƙirga ta ba mai ɗinkin sabon labulen falo, sauran ta sa a jaka. Labulen nan ni na wanke shi sau biyu tun daga lokacin. Ruwan toka ne mai furanni. Duk sanda na matse shi sai in tuna Inna tana zaune a bakin ƙofa tana tallan sabulu da ashana shekara guda cur.

Ba sau ɗaya ba ne. Bara ma na kai, waccan shekarar ma na kai. A lokacin ban ɗauke shi laifi ba, na ce ai gidansa ne, kuɗinsa ne. Sai da Anti Lauya ta yi maganar aljihu biyu na gane abin da idona ya gani.

Akwai kuma ɗan littafina. Ni rabin hayata kawai nake biya da kuɗi, rabin da wanki ne. Duk ƙarshen wata Baba Mai Gida yana rubutawa da hannunsa a littafin, ya sa hannu. Ina ajiye shi a gwangwanin madara saboda ɓera. Da na nuna wa Anti Lauya ta karanta, sai ta cire tabarau ta ce: “Kin san me ya rubuta? Wankin gidana na wannan wata, a cire daga kuɗin hayar ɗaki na goma sha ɗaya.” Ta ce: “Ɗakin na kamfani ne, in ji shi. Rigunan kuwa nasa ne. Da ɗakin kamfani yake biyan wankin gidansa, wata arba'in da takwas, da rubutun hannunsa.” Ni dai kallon ta nake yi. Shekara huɗu ina ɓoye abu don ɓera, ban san me nake ɓoyewa ba.

Yanzu za ku ce to me ya sa kika yi shiru? Ku saurare ni, don Allah, kafin ku yanke min hukunci.

Ranar da naƙudar yaron nan ta kama ni, da rana tsaka ce, babansa yana tafiyar kwana biyu daga gida. Inna ta fito titi tana ɗaga hannu, babu motar da ta tsaya. Baba Mai Gida ya zo duba famfo, ya gan ni durƙushe a matakala. Bai tambayi kowa ba, ya buɗe bayan motarsa, sabuwa fil, ya ce a sa ni. Na ce Baba zan ɓata maka kujera. Ya ce: “Ke da Allah rufe min baki, ke za ki wanke ai.” Shi ya biya kuɗin asibiti, har yau bai tambaye ni ba. Sunan Rediyo ma shi ya sa mata. In ya shigo gidan sai ya ce: “Ina Rediyo? A kunna min labarai.” Ita kuwa ta zauna ta ba shi labarin duk wanda ya yi faɗa da matarsa a makon. Kaka take ce masa. Ni babana ya rasu ina ƙarama, ban san daɗin a ce min 'yata ba sai a bakinsa. Shekaranjiya yarinyar nan ta tambaye ni: “Mama, Kaka fushi ya yi da mu ya rushe gidan?”

Mutum ɗaya ne ya yi wannan, ya kuma yi wancan. Na juya abin a raina har na gaji, ban iya raba su ba. Wanda ya kai ni asibiti shi ya miƙo min kuɗin Inna in kai kicin. Hannu ɗaya ne, na san hannun, har tabon da ke babban yatsansa na sani.

Ga kuma tsoro. Ina tsoron kotu. Ina tsoron a miƙo min takarda a ce karanta, mutane su yi dariya. Ina tsoron lauyansa ya juya ni ya juya ni har in faɗi abin da ban yi niyya ba. Ina tsoron a ce mai wanki tana tona asirin gidajen da take shiga, kowa ya janye kayansa. Kuma kun sani, makarantar nan saura mako uku a dawo hutu, dole mu tashi. Yaron nan ƙirjinsa ba lafiya, in sanyi ya taɓa shi numfashinsa kamar ana busa usur. Na sami ɗaki a bayan kasuwa, ƙarami ne amma busasshe, da taga, da wurin shanya. Mai ɗakin ya ce zai riƙe min zuwa ƙarshen wata, in ban kawo ba ya ba wani.

To ranar Laraba da ta wuce aka kawo min wanki daga gidan Baba Mai Gida. Riga ɗaya ce tak, kuma ba ta da datti, ƙanshin guga ma bai bar ta ba. Na sa hannu a aljihu kamar kullum. Ambulan. Na juya bayanta, sanda biyu a tsaye.

Na shiga bayan allo, inda ba mai gani na, na buɗe. Kuɗina ne na wata goma, cif, har da rabin da na biya da wanki an mayar da shi kuɗi. Babu takarda, babu saƙo. Ai ba ya bukatar saƙo. Ya san ba na sa riga a ruwa ban laluba ba, ya kuma san abin da idona ya gani. Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, na rungume ambulan ɗin nan a ƙirjina kamar jariri. Na ga ɗakin nan na bayan kasuwa, na ga inda zan sa katifa, na ga inda zan kafa ƙusa in rataya dutsen guga. Na ce ai haƙƙina ne, ba sata na yi ba, gumina ne. Kuma gaskiya ne, haƙƙina ne. Sai na leƙo ta gefen allo na hango Inna tana ta fama da ƙafarta za ta tashi daga tabarma, ta kama benci, ta zame, ta sake kamawa. Inna da ta yi min wankan jego, ta hana ni ɗaga ko bokiti kwana arba'in. In na ci wannan, na Inna fa? Na ɗaki uku fa, mai 'ya'ya biyar? Ɗaki ashirin da biyu aka kora, ambulan ɗaya aka aiko, kuma ba don ni ce na fi kowa talauci ba.

Kwana biyu tana ɗaure a zanina. Ko wanka na shiga da ita nake shiga.

Don haka ga roƙona, na maimaita. Mata biyu. Wadda za ta riƙe yaron, ba ya da rigima in an jijjiga shi, ruwan ɗumi kawai za a riƙa ba shi. Wadda kuma za ta zauna a gaba, in na ruɗe in kalle ta in tuna cewa da mutane a bayana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Roƙo na biyu ya fi wannan nauyi, kuma na san wasu ba zai yi musu daɗi ba. Ranar Talata, in Baba Mai Gida ya sauko daga mota, don girman Allah kada wanda ya yi masa ihu. Kada a zage shi, kada a jefe shi da magana. Kuɗinmu muke nema, ba mutuncinsa ba. Dattijo ne, yana da ciwon suga, ni na san magungunan da nake tsinta a aljihunsa. In alƙali ya ce ya biya daga nasa, ya biya, ko fili zai sayar ko mota. Amma in na ji ana yi masa ature a bakin kotu, wallahi bakina zai mutu, ba zan iya cewa komai ba. Ku bar ni in faɗi abin da na gani, shi kaɗai, ba ƙari ba ragi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na yarda, amma ba a kuma tara jama'a a yi wa mai wankan dariya.

Na uku kuma ƙarami ne. In makaranta ta buɗe shari'a ba ta ƙare ba, duk wadda ta sami ɗaki ta tuna da mu, ko lungu ne, inda iska ba ta shiga. Zan biya da wanki. Littafi ma ina da shi, saura shafi da yawa.

Allah ya ba mu mafita. Allah ya sa kowa a cikinmu ya kwana a ɗaki mai ƙofa da makulli kafin ruwa ya sauko. Allah ya ba alƙali ikon ganin gaskiya, ya ba Anti Lauya ladan da ba mu iya biya. Allah ya ƙara wa Inna lafiyar ƙafa, ya rage mata faɗa. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, su yi karatun da za su karanta wa kansu takarda. Shi ma Baba Mai Gida, Allah ya sa ya sauke nauyin nan tun yana da rai da lafiya. Ku ce amin, don Allah, har da wannan ta ƙarshen.

Baba Tela yana nuna min agogo. Saura kaɗan, ranka ya daɗe. Ina so ku san waɗanda na riga na faɗa wa, don kada a ce a taro aka fara ji.

Na faɗa wa Baban Rediyo a waya cewa zan mayar da kuɗin. Ya ce: “Kin ƙirga?” Na ce na ƙirga. Ya ce: “Sun cika?” Na ce sun cika. Ya ce: “Ke yanzu kin fi son yaron nan ya kwana a titi?” Ya kashe waya. Na zauna na yi kukana. Can da la'asar ya sake kira, ina jin ƙarar motoci a bayansa, ya ce: “Wai abin da kika tsinta a aljihu, dama yaya kike yi da shi?” Na ce ɗorawa nake a sama. Ya ce: “To ni me kike tambayata? Zan karɓi tafiya biyu a jere, ki roƙi mai ɗakin ya ƙara mana mako biyu.” Na roƙa, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Na faɗa wa Inna. Ta kalle ni ta ce: “Ja'ira, ashe da kuɗina aka yi labule kika bar ni ina rataya tsohon zani a taga.” Sannan ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta.

Na faɗa wa Anti Lauya, na ba ta littafin, da gwangwaninsa.

Na kuma faɗa wa Baba Mai Gida. Jiya da safe na goge rigar nan, na ninke, na ɗora ambulan a sama, na tafi da ƙafata. Yana tsakar gida a kujerarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye a gabansa. Ya kalli rigar, ya kalli abin da ke kanta, ya ce: “'Yata, ba ki gane ba ne?”

Na ce: “Na gane, Baba. Shi ya sa take a sama.”

Na ce masa: “Baba, ranar Talata zan tsaya gaban alƙali, zan faɗi maganar ambulan ɗin Inna da ta littafi. Ban so ka fara ji a bakin wani ba.” Sai ya ce: “Kin san za su iya sa ni in sayar da motar nan?” Na ce: “Na sani, Baba. Na san motar.” Ya kawar da kai. Na zaci zai kore ni, na fara gyara goyo. Sai na ji ya ce: “Yaya ƙirjin yaron?” Na ce da sauƙi. Ya ce: “Rediyo fa?” Na ce tana tambayarka. Ya tashi a hankali, yana dafa gwiwa, ya shiga ciki. Ya fito da farar rigarsa, wadda yake sawa in zai je wuri mai muhimmanci, ya miƙo min ya ce: “A sa mata sitati sosai. Ita zan sa ranar Talata.”

Ban jira na dawo ba. A nan gabansa na sa hannu a aljihun dama, na sa a na hagu, na sa a na ƙirji, yana tsaye yana kallo na. Babu komai a ciki.

Rigar tana can bayan aji a kan igiya, in kun fita za ku gan ta. Don Allah yara kada su taɓa.

Na gode.